Facin Auta

Injiniya bai ko ɗago kai ba da Auta ta ajiye jakarta a gefen teburinsa. Hannunsa na cikin wata firinta da ta haɗiye takarda, yana lalube kamar ungozoma.

"Na faɗa miki tun a waya, ba zai yiwu ba," ya ce. "Kwamfutocin ma'aikatar nan ba a sa musu komai sai abin da aka saki a hukumance. Ba ni na kafa dokar ba."

"Ai masu manhajar sun karɓi gyaran da na rubuta, Injiniya. Gwaji kaɗai ya rage."

"To su gama gwajinsu su saki, ni kuma in sa."

"Ba za su saki ba sai an gwada a kan irin kwamfutarku. Kuma yau wa'adin yake cika. Idan ba wanda ya tabbatar, cire shi za su yi, a koma layi."

Sai a lokacin ya zaro hannunsa, baƙi ƙirin da tawada, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wato ni ina jiransu, su kuma suna jirana."

"Haka abin yake."

Auta ba baƙuwa ba ce a ma'aikatar ruwan nan. Yayanta ya yi shekaru a ɗakin karɓar ƙorafi, can ƙarshen baranda, inda masu famfon da ya ƙafe da masu bututun da ya fashe suke bugowa su sauke fushinsu. Hawan jinin ido ya tafi da ganinsa tun tana makaranta, amma bai tafi da aikinsa ba. Ya koyi aiki da muryar da ke karanta masa duk abin da ke kan allon kwamfuta. Hedifon a kai, kunne ɗaya na mai kira, ɗaya na kwamfuta, yatsu suna gudu. Mutum zai bugo yana zagi, ya ajiye waya yana godiya, bai taɓa sanin cewa wanda ya duba masa lambar mita ba ya gani ba.

Sai ma'aikatar ta sauya kwamfutoci. Sababbin ga kyau ga sauri, amma sun zo da wata cuta: da zarar kwamfuta ta ɗan yi barci ta farka, sai hedifon ya mutu. Ga mai ido wannan ba abin damuwa ba ne. Ga Yaya kuwa duhu ne a kan duhu. Sai ya kashe ta ya sake kunnawa, mai kira yana can yana ta halo har ya gaji ya ajiye.

Sana'ar Auta ke nan, ita ke kula da manyan kwamfutocin wani kamfanin sufuri. Yaya ya zo da kwamfutar gida a ƙarshen mako, ta bi cutar har gindinta. A kanel take, wato can cikin zuciyar manhajar, inda take magana da ƙarafunan kwamfuta. Ta rubuta gyara, irin wanda 'yan sana'ar suke kira faci, ta gwada, murya ta dawo tar. Ranar Yaya ya yi ta tsokanarta, wai duk karatun da aka kashe mata ashe mai faci za ta zama, da an sani an kai ta bakin titi tun farko.

Matsalar ita ce facin gida ba ya shiga ofis. Sai masu haɗa manhajar suna raba wa duniya sun karɓe shi, sun sa hannu, sannan ya sauka a kwamfutocin Injiniya. Yaya ya shigar da ƙorafi a shafinsu da sunansa, Auta ta aika facinta a ƙarƙashi.

Amsar da ta zo daga mai tacewarsu, wanda ke duba duk gyaran da aka aiko musu, gajeriya ce. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta san ko yaro ne ko tsoho ba. Ya ce su ba sa ɗaukar abin da masu kanel na asali ba su karɓa ba, sai ta fara kai wa can tushe. Ya ce ta rubuta mene ne ciwon, mene ne maganin, yaya wani zai gwada, kuma me take tsoron zai iya lalatawa. Ya ce ta sa hannu da cikakken sunanta, ba laƙabi ba. Sannan ya ƙara da abin da ya tsaya mata a rai: wannan ba faci ɗaya ba ne, uku ne aka cusa a riga ɗaya, kuma biyu daga ciki ba ruwansu da ciwon. A fili ya rubuta, inda kowa ke gani, har abokan aikinta.

Ta mayar masa da zafi. Ta ce yayanta makaho ne, aikinsa na shirin kuɓuce masa, shi kuma yana maganar tsarin rubutu. Ya amsa cewa ya ji, kuma yana so gyaran ya shiga, amma abin da suka saki yana sauka a kan kwamfutocin mutanen da ba su san ta ba. Idan ya kashe wa wani sauti, shi ma yayan wani ne. A lokacin wa'azi ta ɗauke shi, wa'azin mai ƙoshi ga mai yunwa. Ta karanta wa mutanen gida, kowa ya ce raini ne. Yaya da kansa ya ce, "Ƙyale su, Auta. Ba za ki zubar da mutuncinki a kaina ba. Ofis za su san yadda za su yi."

Ta ƙyale su. Ofis kuwa abin da suka sani shi ne su ɗauke shi daga kan waya, su ajiye masa tebur a bakin baranda kafin a samu mafita. Ya yi watanni yana zuwa da safe cikin guga, ya zauna, masu wucewa su gaishe shi, a tashi ya tafi. Wata rana ya ce shi ba tukunyar fure ba ne, ya ajiye aiki.

Injiniya ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana kallon taga.

"Har yanzu akwai masu bugowa su ce a haɗa su da mai muryar nan, yayanki," ya ce. "Ni ma da na matsa wa na sama a lokacin, wataƙila da an bar masa tsohuwar kwamfutarsa. Na ce doka ce, na koma gefe."

Ya tashi ya buɗe wata kabad ta ƙarfe a bayan ƙofa, ya zaro kwamfutar cinya daga ƙarƙashin tarin wayoyi.

"Wannan irinsu ce sak. Ta faɗo daga tebur, allonta ya mutu, an cire ta daga layinmu. Abin da ba ya kan layi doka ba ta hau kansa ba. Amma gobe da safe masu kamfanin da suka sayar mana za su zo su ɗauke ta, saboda haka kafin a tashi nake so in gan ta a nan."

Ya ara mata allon teburinsa ta jona, ta sauke kanel ɗin gwajin ta sa. Da ta gama ya ce, "To gwada mana."

"Ba ni ake so in gwada ba. Wanda ya kai ƙarar ake so ya ce ya warke."

Injiniya ya zare wayar allonsa daga jikinta. Ya samo mata wata tsohuwar jaka ya sa kwamfutar a ciki da kansa.

"Ki gaishe shi," ya ce.

A bas ta samu kujerar baya, tsakanin wata mata mai kwandon kaya da wani dattijo mai barci. Ta rungume jakar a ƙirji, ta buɗe shafin ƙorafin a wayarta, ta sake hawa sama har farkonsa, abin da ta hana kanta yi tun da ta dawo kan maganar.

Ba ita ta ga dama ta dawo ba. Shafin ya kusan shekara a kwance, sai wani mutum daga wata ƙasa ya rubuta a ƙarƙashi. Malamin makaranta ne, shi ma ba ya gani, makarantarsu ta sayi irin kwamfutocin. Cikin ladabi ya tambaya ko akwai labari, don ya ga kamar an taɓa samun magani. Saƙon ya faɗo mata tana tsakiyar taro a ofis. Ta fita ta tsaya a matakala.

A ranar ta zauna ta ware facin. Da ta cire biyun da mai tacewa ya ce ba ruwansu, abin da ya rage 'yan layuka ne da ba su cika tafin hannu ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ta cire kuwa, da ta dube shi da idon sanyi, ta ga zai iya kashe makirfo a wasu kwamfutocin. Ta rubuta bayanin, ta sa sunanta, ta aika tushe. Suka ce ta gyara kalma ɗaya, ta gyara, suka karɓa. Ta kawo wa mai tacewa, bai tayar da tsohon zance ba, ya sa shi a layin gwaji. Duka abin bai ci wata guda ba.

Wannan ne yake cinta a bas ɗin. Da abin ya yi wuya, da ta samu inda za ta jingina. Ta sake karanta amsarsa ta farko tana neman rainin da ta gani a wancan lokaci, ta bi ta layi layi, ba ta same shi ba. Har adireshin wanda za ta aika wa a tushe ya rubuta mata a ƙasa. Ba ta ma tuna ta ga wannan ba.

Kwandasta ya buga jikin mota, ta ankara an wuce da ita. Ta sauka ta dawo da ƙafa.

Shagon ɗinkin matar Yaya a ɗakin gaba na gidansu yake, ƙofarsa na kallon titi. Tun da Yaya ya bar aiki ta ƙara keken ɗinki na biyu, tana karɓar kayan makaranta. Auta ta tarar da ita a bakin ƙofa tana kakkaɓe ƙyalle.

"Yau wace rana," in ji ta. "Mun ɗauka kin yi ƙaura."

"Aiki ne, Anti."

Anti ta dubi jakar, ta ga tambarin ma'aikatar ruwa a jikinta, fuskarta ta sauya. Ta rage murya.

"Auta, da ƙyar na samu ya daina tashi da sassafe yana neman takalmin ofis. Idan wani abu ne da zai tayar masa da abin da ya kwanta, ki bar shi a nan waje."

"Minti kaɗan ne. Idan ya ce a'a, zan tafi da ita."

Anti ta matsa daga ƙofar.

Yaya na zaune a kan benci kusa da taga, tarin rigunan makaranta a gefensa, gwangwanin maɓallai a cinya. Shi ke ɗinka maɓallan. Anti takan zura masa zare a allurai da yawa ta soke a jikin matashi, shi kuma ya auna wuri da ɗan yatsa. Ya rame kaɗan, kuma ya bar gemu.

"Tafiyar mai faci nake ji," ya ce. "Amma yau da kaya. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya nauyi."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a kan kujerar keken da ba kowa. Ta yi ta shirya maganar a hanya, amma da ta buɗe baki sai ta fito a birkice. Ta ce ta koma wurin mutanen nan. Ta ce sun karɓa. Ta ce saura wanda ya kai ƙara ya gwada, kuma yau ce ranar ƙarshe.

Yaya bai daina ɗinki ba. Ya ƙarasa maɓallin, ya naɗe zare a gindinsa, ya ciza ya tsinke.

"Ke ba za ki iya gwadawa ba?"

"Na iya. Amma ba a son mai ɗinki ya zama shi ne mai yabon ɗinkinsa."

"Ni kuma yanzu me zai yi mini?"

Sai ta ba shi labarin malamin makarantar. Ya saurara, kansa a karkace kamar yadda yake yi da can idan mai kira ya fara bayani.

"Shi har yanzu yana wurin aikinsa?"

"Da alama."

Ya ajiye gwangwanin a ƙasa. "Maman yara, hedifon ɗina yana nan?"

Anti ta ɗan tsaya kafin ta shiga ciki. Ba ta daɗe ba ta fito da shi a cikin leda, an naɗe wayarsa tsaf.

Auta ta ɗora masa kwamfutar a cinya. "Sai dai allonta ya mutu, ba ta nuna komai."

"Ashe 'yar'uwata ce," ya ce. "To ke koma gefe, wannan hirar ta 'yan gida ce."

Ya shafa gefenta ya samu ramin, ya jona, ya kunna. Yatsunsa suka zauna a kan madannai kamar jiya suka bar su. Auta ba ta ganin komai sai baƙin gilashi da tsagar da ta raba shi biyu, ba ta jin komai sai ɗan tsiririn murya da ke tsiyayowa daga hedifon, da saurin da ita ba ta iya tsintar ko kalma ɗaya.

"Tana magana," ya ce. "Amma dama ai takan yi. Bari mu ga bayan barci."

Ya rufe murfin. Anti ta tsayar da kekenta. Ƙarar motoci na shigowa daga titi. Can ya buɗe, ya danna.

Auta ta gane daga fuskarsa kafin ya faɗa. Bai yi murmushi ba, kafaɗunsa ne suka sauka.

Bai tsaya nan ba. Ya sa ta karanto masa yadda ta rubuta a gwada, ya bi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ƙara nasa. Ya rufe da hedifon a jone, ya rufe a cire ya jona daga baya. Ya zare ana tsakiyar magana don ya ji ko muryar za ta koma lasifika, ta koma, har Anti ta razana. Ya naɗi muryarsa ya saurara don ya tabbatar makirfo bai mutu ba.

"Tunda sun ce a duba abin da zai iya lalacewa, a duba da gaske," ya ce. "Kada malamin nan ya samu kunne ya rasa baki."

Ta jona shi da intanet ɗin wayarta. Kalmar sirrinsa ta shafin tana nan a kansa. Shi ya rubuta shaidar da kansa, ya karanto musu: ya gwada a kan kwamfutar da ke da ciwon, sauti yana dawowa bayan barci, bai ga abin da ya lalace ba. Ya aika.

Anti ta kawo shayi. Ba su kai rabin kofi ba wayar Auta ta yi ƙara. Mai tacewa ne. Ya gode wa Yaya, ya ce gyaran zai fita a sabuntawa mai zuwa. Ya ƙara da cewa yana fata wannan zai sauƙaƙa masa aiki a ofis.

Auta ta karanta farkon a fili, ta haɗiye ƙarshen. Yaya kuwa kwamfutar ta riga ta karanta masa duka a kunne.

"Mutumin kirki ne," ya ce.

"Yaya, da zarar ya fita zai sauka a duk kwamfutocin ma'aikatar. Injiniya zai tsaya maka. Idan ka rubuta musu ka nemi komawa…"

"An ba wata baiwar Allah kujerar. Mijinta ya rasu, tana da yara. Ta kira ni sau da yawa tana tambayar yadda ake shawo kan masu zagi, na koya mata." Ya juya kofin a hannunsa. "Kujera ba ta jiran mutum, Auta. Kuma ni na ajiye da hannuna, ba korata aka yi ba."

"Da na yi abin da suka ce tun farko…"

"Ni na ce ki ƙyale su."

Akwai abin da ta so ta faɗa a kan wannan, yana nan a bakinta, amma ya riga ya mayar da hedifon kansa. Anti ta taka kekenta.

Auta ta zauna tana kallonsa. Ba ta san me yake karantawa ba. Wani lokaci yatsunsa su yi gudu, wani lokaci su tsaya ya ɗan gyaɗa kai, sau ɗaya har ya yi dariya shi kaɗai. Ya miƙe zaune, bayansa ya bar jikin bango. Rana ta sauka daga taga ta koma kan tarin rigunan. Idan tana so ta riski Injiniya kafin a tashi, da cunkoson yamma, yanzu ya kamata a ce tana bakin titi.

Yaya ya ɗaga hedifon daga kunne ɗaya.

"Yaushe za ki mayar musu da ita?"

"Da saura," ta ce.

Ya mayar da shi kunne. Anti ta dubi agogon bango, ta dubi Auta. Auta ta tura wa Injiniya gajeren saƙo cewa ya yi haƙuri, da sassafe zai same ta a bakin ƙofarsa, ta kife wayar ba ta jira amsa ba. Ta jawo gwangwanin maɓallai, ta ɗauki riga daga saman tarin, ta zari allura a jikin matashi.

Anti ta leƙo ta ga inda ta ɗora maɓallin.

"Ba nan ba," ta ce a hankali. "Matsa ƙasa kaɗan."